Zinariya a kan gawayi: me ya sa katalis ɗina ke mutuwa da wuri, kuma ta ina zan fara gyara?

Wani ɗalibin injiniyan sinadarai ne ya aiko da tambayar. Ya ce ya haɗa katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba, na zinariya a kan gawayi, zinariyar kashi 1 cikin 100, ya gwada shi wajen haɗa iskar asitilin da iskar HCl (haidurojin kulorayid) don samar da binil kulorayid, wato VCM, wanda da shi ake yin robar PVC. Ranar farko kusan duk asitilin ɗin ya juye, amma kafin mako ya zagayo aikin ya ragu sosai. Yana so ya san ko ya ƙara yawan zinariyar ne, ko ya haɗa ta da wani ƙarfe, kuma me ya kamata a gyara kafin irin wannan katalis ya cancanci shiga masana'anta.

Ɗan'uwa, kada ka ƙara zinariya. Wadda ka zuba ma ta ninka abin da masana'anta za ta iya ɗauka kusan sau 10. Zinariyarka ba ƙarfi ta rasa ba, tun ranar farko ta nuna maka tana da shi. Abin da ta rasa shi ne zama a yanayin da take aiki. Duk wani gyara da aka yi wa wannan katalis cikin shekara 40 da suka wuce, idan ka tona shi, abu guda yake nema: kowane atom na zinariya ya zauna shi kaɗai, yana ɗauke da cajinsa, ya kai shekara ko fiye a cikin zafi da iskar da kullum ke ƙoƙarin mayar da shi ƙarfe.

Bari in fara da dalilin da ya sa ake wannan wahala, domin shi ke nuna irin katalis ɗin da ake buƙata. Hanya biyu ake bi a samu VCM. Ƙasashe masu arzikin man fetur da gas suna farawa daga etilin. Ƙasar Sin kuwa kwal take da shi da yawa, don haka akasarin PVC ɗinta daga kabaid yake fitowa: a gasa farar ƙasa da gasasshen kwal a murhun lantarki mai zafin kusan digiri 2000, a zuba wa kabaid ɗin ruwa ya ba da asitilin, sannan a haɗa asitilin da HCl. Haɗin yana da tsabta a lissafi, giram 26 na asitilin da giram 36.5 na HCl su ba ka giram 62.5 na VCM, ba ragowar komai. Inda gizo ke saƙar shi ne katalis ɗin da aka saba amfani da shi, wato kulorayid na zaiba a kan gawayi. A zafin aikin, wannan gishirin zaiba yana tashi ya bi iska, katalis ɗin ya yi rauni, zaibar kuma ta bazu cikin kayan aiki da ruwan wanki da tsohon gawayin da aka kwashe. Yarjejeniyar Minamata, wadda aka sa wa hannu a Japan a 2013 ta fara aiki a watan Agustan 2017, ta nemi a rage zaibar da ake kashewa a kan kowane tan na VCM da rabi kafin 2020 idan aka gwada da 2010, ta kuma hana gina sababbin masana'antu masu amfani da ita. Sunan yarjejeniyar na garin da aka gano cutar gubar zaiba ne a 1956, kuma masana'antar da ta jawo cutar ita ma asitilin take sarrafawa da katalis na zaiba. Ina tuna wa ɗalibaina wannan a kai a kai, saboda aikin da suke yi a kan 'yan giram na gawayi rayukan mutane ne a bayansa.

Graham Hutchings ne ya fara hango zinariya, lokacin yana aiki a Afirka ta Kudu. Ya ɗauki sakamakon da wani masani ɗan Japan mai suna Shinoda ya wallafa a 1975 a kan kulorayid na ƙarafa fiye da 20, ya sake jera su bisa yadda kowane ƙarfe ke kwaɗayin karɓar elektaron, wato ma'aunin da ake bayarwa da bolt. Sai ya ga aikin yana hawa tare da ma'aunin. Tagulla tana wajen 0.34, zaiba 0.85, zinariya kuwa ta haura 1.4. A 1985 ya wallafa hasashen cewa zinariya za ta fi kowa, kuma kafin ƙarshen shekarun 1980 shi da abokan aikinsa Nkosi da Coville suka tabbatar da hakan a ɗakin gwaji.

Ka lura da wani abu a nan, domin shi ne tushen matsalarka. Halin da ya sa zinariya ta fi kowa aiki shi ne dai halin da ke kashe ta. Ƙarfen da ya fi kwaɗayin elektaron shi ya fi saurin karɓarsu ya koma ƙarfe zalla. Asitilin kuwa mai bayar da elektaron ne, gawayin ma haka. Ka ɗora zinariya mai caji a kan abin da ke son sauke mata caji, ka kuma hura mata iskar da ke son yin hakan. In ba ka yi dabara ba, dole ta sauka.

An daɗe ana zaton cewa ƙananan dunƙulen zinariya ne ke aikin, masu ɗan caji a samansu, saboda su ake gani idan an ciro katalis an duba. A 2017 ƙungiyar Hutchings ta Jami'ar Kadif a Birtaniya, a aikin da Grazia Malta ta jagoranci rubutawa, ta haska katalis ɗin da hasken eksire mai ƙarfi yana cikin aiki, ba bayan an kashe shi ba. Gani ya kori ji: masu aikin atom ne ɗai-ɗai na zinariya, suna kai da komo tsakanin Au(I) da Au(III), wato zinariya mai caji ɗaya da mai caji uku, kuma ƙarfin aikin yana bin yawan na farko a kan na biyu. Bayanin da suka gabatar shi ne HCl ta kama Au(I) ta ɗaga shi zuwa Au(III), asitilin ya shigo ya karɓi rabonsa, VCM ya fita, zinariyar ta dawo Au(I). Akwai masu ganin matakan ba a haka suke jeruwa ba, amma an yi ittifaƙi a kan babban batu: da zarar atom ɗin sun haɗu sun zama dunƙulen ƙarfe, aiki ya tafi.

Yi wannan ɗan lissafi da kanka. Giram ɗaya na katalis mai zinariya kashi 0.1 cikin 100 yana ɗauke da miligiram 1 na zinariya, wato atom kusan 3 da sifili 18 a bayansa. Gawayin da aka sarrafa yana da fili kusan murabba'in mita 1000 a kowane giram. In ka raba daidai, tsakanin atom da maƙwabcinsa akwai tazarar nanomita 18 ko kusa da haka, faɗin atom ɗin kansa kuwa bai kai nanomita 0.3 ba. Fili ba ya ƙaranci ko kaɗan. Amma dunƙule ɗaya mai faɗin nanomita 5 yana haɗiye atom kusan 4000. Idan ka ƙara zinariya ba tare da ka ƙara wuraren da za su riƙe ta ba, ka rage tazarar ne kawai, ka sauƙaƙa musu haɗuwa.

Yanzu ga abin da nake so ka fara yi tun kafin ka haɗa sabon katalis: ka gano wace irin mutuwa naka ya yi, domin iri biyu ce. Tun aikin Nkosi na farkon shekarun 1990 aka raba su. A ƙasa da digiri 100 ko kusa, asitilin da VCM suna sarƙewa da juna su zama wani baƙin danƙo da ke toshe ramukan gawayi ya rufe zinariya. Daga digiri 120 zuwa 180 kuwa, saukar caji da dunƙulewa ne suka fi yawa. Ba ka faɗa mini zafin da ka yi aiki a kansa ba, amma yawancin masu gwaji a 180 suke tsayawa, don haka na fi zargin ta biyun. Hanyar tantancewa ba wuya. Ka auna filin saman gawayin kafin aiki da bayansa. Idan ya faɗi warwas, danƙo ne. Ka ƙona samfurin a hankali cikin iska kana auna nauyi, ka ga ko akwai abin da ke ƙonewa kafin gawayin kansa. Sannan ka sa shi a na'urar XRD, wadda ke gano dunƙulen ƙarfe da hasken eksire: sabon katalis mai kyau ba ya nuna alamar zinariya ko ɗaya, in ka ga ƙololuwa ta fito wajen kusurwar digiri 38 a tsohon, to ƙarfe ya taru. Wani gargaɗi kuma: na'urar XPS mai auna cajin atom da babban madubin lantarki dukansu suna iya sauke cajin zinariya ko su motsa atom ɗin yayin da kake dubawa. Ka rage lokacin haskawa, kuma kada ka gina hukunci a kan awo ɗaya.

Sai yadda ka haɗa shi. Ina kyautata zaton ka narkar da gishirin zinariya, HAuCl4, a ruwa ka jiƙa gawayi. In haka ne, ka tuna abin da idonka ya gani. Ruwan yana farawa rawaya shar, kana zuba shi a kan gawayi kafin 'yan mintoci ya koma fari kamar ba a taɓa sa masa komai ba. Mutum yakan yi murna ya ce gawayi ya shanye duka. Ɗauki ƙwaya ɗaya bayan ta bushe, ka karya ta, ka kai ta gaban fitila: sau da yawa za ka ga ɗan ƙyalli a bayanta, cikinta kuwa baƙi ƙirin. Zinariyar ba ta shiga ba, a bakin ƙofa gawayin ya tare ta ya mayar da ita ƙarfe. Irin wannan katalis rabinsa matacce ne tun bai ga asitilin ba.

Wannan ne ya sa masu binciken farko suke narkar da zinariyar a cakuɗen asid nitirik da asid HCl mai ƙarfi, wanda ake kira akuwa rejiya. Asid ɗin yana hana saukar caji, yana kuma cizon saman gawayi ya bar masa oksijin da kulorin da za su riƙe atom ɗin. Yana aiki a kwalba. A masana'anta kuwa, inda za a jiƙa gawayi tan-tan, hayaƙinsa da cin ƙarfensa da zubar da ragowarsa sun isa su hana. Ga shi kuma katalis ɗin da ya bayar yakan ɗauki awoyi kafin ya kai ƙarfinsa, kuma bai cika daɗewa ba. A 2020 ƙungiyar Kadif ta nuna hanya mai sauƙi: a narkar da gishirin a busasshen asiton maimakon ruwa. Asiton yana ratsa ramukan gawayi da kyau, yana bushewa a ƙaramin zafi, kuma zinariyar tana fitowa ɗai-ɗai ba tare da asid ba. A ɗakin gwajinka wannan shi ne canjin da ya fi arha, kuma da shi zan so ka fara. Ka dai tabbatar asiton ɗin ba ruwa a cikinsa, gawayin ma ka busar da shi tukuna.

Amma rarraba atom abu ɗaya ne, riƙe su wani abu ne dabam, kuma a nan ne aka samu ci gaban da ya kai katalis ɗin kasuwa. Kamfanin Johnson Matthey na Birtaniya, tare da Hutchings, sun sake duba abin da ke kewaye da zinariyar. A gishirin da ka yi amfani da shi kulorin ne ke riƙe da ita, kuma riƙon kulorin sako-sako ne. Zinariya mai caji ta fi son abokan da ake kira masu laushi, musamman farar wuta. Sai suka gwada mahaɗai irin su tayosalfet da tayosayanet da tayoyuriya, kuma tayosalfet ɗin zinariya ya yi fice. Ana haɗa shi a ruwa, ba akuwa rejiya, gawayi ba ya saurin sauke shi, kuma an iya sauko da zinariyar zuwa wajen kashi 0.1 cikin 100. Peter Johnston da Nicholas Carthey da Hutchings sun ba da labarin aikin a 2015, bayan gwaji na awoyi dubbai a bututu irin na masana'anta a Sin, kuma kamfanin ya gina wurin ƙera katalis ɗin a Shanghai, ya fara sayar da shi da sunan PRICAT MFC. Ka dubi bambancin a aljihu: tan ɗaya na katalis irin naka yana cin kilo 10 na zinariya, nasu kilo 1. Masana'anta guda kuwa tana ɗaukar katalis tan ɗaruruwa.

Darasin da ke ciki ya wuce tayosalfet. Abin da kake nema shi ne riƙo na tsaka-tsaki. Idan abokin riƙon ya yi sako-sako, asitilin ya ƙwace zinariyar ya sauke ta. Idan ya ƙanƙame ta fiye da kima, ba ta da hannun da za ta kama HCl ko asitilin, sai ka samu katalis mai tsawon rai marar amfani. Masu bincike a jami'o'in Sin, irin su Tsinghua da Tianjin da Shihezi da Jami'ar Fasaha ta Zhejiang, sun bi wannan tunani ta hanyoyi da yawa: mahaɗai masu naitirojin, da kuma shafa wa gawayi wani siririn ruwan gishiri da ba ya ƙafewa, wanda zinariyar ke zaune a cikinsa. Wannan ruwan yana shan HCl fiye da asitilin, don haka zinariyar kullum tana kewaye da abin da ke tsare mata caji. Dabara ce mai kyau, sai dai in ya yi kauri yana toshe ramuka, kuma dole ka tabbatar zai jure digiri 180 na watanni, ba na kwana biyu ba.

Game da haɗa ta da wani ƙarfe, amsata a taƙaice ce. Marco Conte, wanda ya yi aiki da Hutchings, da abokan aikinsa sun gwada haɗa zinariya da faladiyom da filatinom da wasu 'yan uwansu a 2008, ba su samu abin da ya fi zinariya ita kaɗai ba. Faladiyom ya ɗaga aikin farko amma ya lalata tsabtar abin da ke fita, ya kuma mutu da sauri. Abin da ya fi alfanu shi ne ƙarafa masu arha da ke taimaka wa zinariya ta riƙe cajinta, kuma tagulla ce aka fi nazari, sai irin su siziyom da kobal da lantanom. Tagulla tana da nata ɗan aikin, tana kuma iya miƙa wa zinariya kulorin. In za ka gwada, ka gwada, amma bayan ka gyara hanyar haɗi. Ƙarfe na biyu a kan katalis ɗin da aka haɗa ba daidai ba, ɓata lokaci ne, kuma ba za ka san wanne ya yi me ba.

Inda nake ganin ɗalibai sun fi sakaci shi ne gawayin. Suna rubuta "gawayi" a littafin gwaji kamar abu ɗaya ne, alhali na ɓawon kwakwa dabam, na kwal dabam, na itace dabam, kuma ko daga kamfani ɗaya buhu biyu suna iya saɓawa. An gwada silika da alumina da makamantansu, suna farawa da kyau amma danƙo yana cinye su da wuri, shi ya sa aka tsaya a kan gawayi. Abubuwa uku nake dubawa a cikinsa. Toka: ƙarfe da sauran datti da ke ciki suna jawo danƙo da haɗin da ba a so, don haka a wanke shi da asid marar ƙarfi a ɗauraye sosai. Ramuka: yawancin wannan fili mai murabba'in mita 1000 yana cikin ramukan da ba su kai nanomita 2 ba, waɗanda ɗan danƙo kaɗan ke rufewa, don haka gawayi mai matsakaitan ramuka da ƙaramin fili yakan fi mai babban fili daɗewa. Na uku kuma, wanda ya fi su duka, shi ne abin da ke manne a samansa. Oksijin da naitirojin da farar wuta da ke jikin gawayi su ne turakun da atom ɗin zinariya ke ɗaure a kansu. Ƙungiyar Javier Pérez-Ramírez ta Zurik a Suwizalan ta yi aiki mai zurfi a kan gawayi mai naitirojin, ta nuna yana riƙe atom ɗai-ɗai da kyau, amma naitirojin ɗin yana iya ƙara taruwar danƙo. A Kadif kuma an nuna cewa ƙara wa saman gawayi oksijin yana sa katalis ɗin ya fara aiki a zafin da bai kai 180 ba.

Wannan batu na zafi yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Masana'antun da ke akwai an gina su ne don zaiba, wadda ke kamawa a ƙaramin zafi, kuma tsarin sanyayawarsu a kan haka aka yi shi. Katalis ɗin da za a zuba a tukunyar da ke nan ba tare da an sauya ta ba, shi mai masana'anta zai saya. Kowane digiri 10 da ka sauko da shi ba tare da danƙo ya ƙaru ba, ka matso kusa da kasuwa.

Yanzu iskar da kake turawa. Zan ba ka labarin abin da ya taɓa faruwa da ni. Mun sa wani samfuri a gwaji, ya yi kwana 12 bai motsa ba. Wani dare bawul ɗin HCl ya toshe saboda tsatsar da danshi ya jawo, asitilin shi kaɗai ya ci gaba da wucewa kafin na'urar tsaro ta yanke. Da safe muka gyara, muka mayar da komai yadda yake, amma katalis ɗin bai dawo ko kusa da inda yake ba. Da muka duba shi, ga ƙololuwar ƙarfen zinariya tsaye a XRD. Abin da Conte ya rubuta tun 2007 ke nan: katalis ɗin da ya fara ganin HCl yana ƙara ƙarfi, wanda ya ga asitilin shi kaɗai yana lalacewa. Don haka ka busar da shi da naitirojin, ka buɗe HCl tukuna, sannan asitilin. Wajen kashewa ka rufe asitilin tukuna. Ka bar HCl ta ɗan fi yawa kullum, kamar 1.05 zuwa 1.1 a kan 1, yadda masana'antu ke yi. Ka sake duba ma'aunin iskarka, domin HCl tana cin na'urar awo a hankali, kuma yana yiwuwa kana zaton kana da rara alhali asitilin ne ya fi yawa. Wannan kaɗai zai iya zama dalilin abin da ka gani cikin mako ɗaya.

Asitilin na kabaid kuma yana zuwa da baƙi: fosfin, da iskar H2S, wani lokaci da arsin. Duka guba ne ga zinariya. Kuma ka tuna, katalis mai zaiba kashi 5 ko 10 cikin 100 yana da rarar da zai yi asara, mai zinariya kashi 0.1 ba shi da ita. Gubar da wancan zai shanye bai ji ba, wannan za ta gama da shi. Masana'antar da za ta koma zinariya dole ta ƙara tsananta wanke iska da busar da ita. Danshi yana jawo asitaldihaid da tsatsa. Sannan an nuna tun da wuri cewa ɗan kulorin ko iskar NO a cikin abin da ake turawa yana iya farfaɗo da zinariyar da ta sauka, amma ina roƙonka kada ka gwada kulorin da asitilin tare kai kaɗai. Haɗuwarsu tana fashewa. VCM ɗin kansa kuma yana jawo sankarar hanta, an tabbatar da haka tun 1974, kuma a zafin ɗaki iska ne, domin yana tafasa a digiri 13 ƙasa da sifili. Duk gwajinka ya kasance cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da na'urar gano yoyo.

Akwai kuma kuskuren gwaji da na fi ganin yana yaudarar mutane, kuma ina jin ya taɓa ka. Ka ce ranar farko kusan duk asitilin ya juye. Idan juyi yana kusa da kashi 100, ba ka ganin mutuwar katalis. Layin gaba yana mutuwa, na bayansa yana karɓar aiki, ma'auninka yana nuna lafiya lau, har ranar da mutuwar ta kai ƙarshen bututu sai ka ga faɗuwa kwatsam. Mai yiwuwa naka ya fara mutuwa tun awa ta farko. Ka rage yawan katalis ko ka ƙara gudun iska har juyin farko ya tsaya tsakanin kashi 40 da 70, sannan ka auna abin da yake raguwa a kowace awa. Wannan adadin, ba juyin ranar farko ba, shi za ka riƙa gwada samfuri da samfuri da shi. Ka gwada gawayin shi kaɗai ma, ba zinariya, domin yana da ɗan aikinsa, musamman mai naitirojin. Kuma ka riƙa lissafa VCM nawa kowane giram na zinariya ya bayar tsawon rayuwarsa, domin da wannan ake sanin ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Bayan garin katalis na ɗakin gwaji ya yi kyau, da sauran rina a kaba. Masana'anta ba ta zuba gari, ƙwayoyi take zubawa masu kaurin 'yan milimita a cikin ɗaruruwa ko dubban bututu masu tsawon mita 3 ko fiye, kuma tana tura iska a hankali ƙwarai idan aka gwada da ɗakin gwaji. Haɗin yana fitar da zafi mai yawa. In ka zura ma'aunin zafi a tsakiyar bututu za ka ga wani wuri kusa da mashiga ya fi ko'ina zafi, kuma wata bayan wata wurin yana gangarowa ƙasa yayin da na sama ke mutuwa. Katalis mai ƙarfi sosai yana ƙara tsananta wannan wuri, ya ƙona kansa. Shi ya sa nake ganin hikima a cakuɗa na mashiga da gawayi zalla, ko a sa mai ƙarancin zinariya a sama mai yawa a ƙasa. Tunda kuma tukwanen mataki biyu ake jerawa, yana da ma'ana a bar katalis mai arha irin na tagulla ya ɗauki nauyin mataki na farko inda iska ke da yawa, zinariya ta ƙarasa ragowar a na biyu. Yadda zinariyar ta rarrabu cikin ƙwaya ma abin zaɓi ne: in duk tana can tsakiya iska ba ta kai mata da sauri, in duk tana fata ɗaya a waje ta cunkushe, kuma gogayya wajen lodi tana kankare ta ta bi ƙura. Ka yanka ƙwayoyin ka duba.

Kada ka zubar da samfurin da ya mutu. A masana'anta ana ƙona tsohon gawayin a kwashe zinariyar daga toka a sake amfani da ita, kuma wannan yana cikin abin da ke sa lissafin kuɗin ya tsaya. Don haka duk abin da za ka ƙara wa katalis, ka tambayi kanka ko zai wahalar da wannan kwashewa. A wurinka kuwa wannan samfurin shi ne shaidar farko. Raba shi uku: kashi ɗaya XRD, ɗaya awon fili da ƙonawa, ɗaya kuma ka narkar ka auna ko zinariyar tana nan yadda ka zuba ta. Sannan ka haɗa sababbi guda uku a kan gawayi ɗaya da ka wanke, duka a kashi 0.2 cikin 100: na ruwa, na asiton, na tayosalfet. Ka gwada su a digiri 180, HCl a gaba, juyin farko wajen rabi, awa 100 kowanne. Idan ka samu sakamakon, ka turo mini layukan ukun tare da hoton XRD na kafin aiki da bayansa, daga nan mu ga ko gawayin za mu taɓa ko abokin riƙon.